Mun yi addu'a, mun yi azumi, amma ya rasu: Allah yana kula da ni kuwa?

Wata 'yar'uwa ta aiko da wannan tambaya: "Mijina ya yi doguwar jinya. Mun yi addu'a, mun yi azumi, ikilisiya ta taya mu, amma ya rasu. Shekara ta zagayo, har yanzu barci ba ya ɗaukata, abinci ba ya shiga, in na durƙusa bakina ba ya buɗuwa. Wasu na ce mini Allah yana da dalili. Wata ma cewa ta yi da bangaskiyata ta kai da ya tashi. Allah yana kula da ni kuwa? Me ya rage mini da zan rayu dominsa?"

'Yar'uwata, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya riƙe ki. Na daɗe ina aikin kiwon ikilisiya da zama da masu makoki, kuma tambayarki ba baƙuwa ba ce a kunnena. Masu yin ta galibi mutane ne da suka dogara ga Allah da zuciya ɗaya, shi ya sa abin yake yi musu zafi har haka.

Zan fara da maganar matar nan, domin muddin tana cin ki a rai ba abin da zan faɗa da zai shiga. Maganarta ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki. Elisha, wanda Allah ya ta da ɗan matar Shunem ta hannunsa, ya kuma warkar da kuturtar Na'aman, ciwo ne ya kwantar da shi har ya mutu (2 Sarakuna 13:14). Bulus, wanda a Afisa har ƙyallayen da suka taɓa jikinsa ake kai wa marasa lafiya su warke, shi ne ya rubuta cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Shi kansa sau 3 ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi. Ubangijinmu Yesu ma sau 3 ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala, amma sai da ya sha shi. To wa zai buɗe baki ya ce bangaskiyar Yesu ce ba ta kai ba?

Koyarwar nan da ke cewa waraka tana rataye ne a kan yawan bangaskiyar mai roƙo ta yi wa ikilisiya ɓarna ba kaɗan ba. In mara lafiya ya tashi, mai addu'a ya sha yabo. In ya mutu, a juya a ɗora wa matarsa ko uwarsa laifi. Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a, kun kira, sun yi. Kin yi abin da aka umarce ki. Rai da mutuwa kuwa ba a taɓa damƙa su a hannunki ba, balle a ce kin yi sakaci da su.

Su kuma masu cewa Allah yana da dalili, ba ƙarya suka yi ba, amma sun faɗi abin da ba su san cikinsa ba, a lokacin da bai dace ba. Ina so ki koma littafin Ayuba ki lura da wani abu da yawancin masu wa'azi kan tsallake. A rana ɗaya mutumin nan ya rasa tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanu da jakuna, da 'ya'yansa 10. Abokansa Elifaz da Bildad da Zofar suka zo suka zauna da shi a ƙasa kwana 7, dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Wannan ne kaɗai aikin kirkin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka shiga nema wa Allah hujja: lalle akwai zunubin da ka ɓoye, lalle 'ya'yanka sun yi wani abu, Allah ba ya hukunta mara laifi. Ayuba kuwa ya la'anci ranar da aka haife shi, ya ce Allah ya mai da shi abin bārata, ya nemi a ba shi dama ya kai ƙara gabansa. A sura 38 Allah ya yi magana daga cikin guguwa. Ya yi masa tambaya a kan harsashin duniya, da taurari, da lokacin haihuwar awakin dutse, da jimina da doki. Har littafin ya ƙare bai gaya masa dalilin wahalarsa ba. Mu masu karatu mun ga abin da ya faru a surori 2 na farko, shi Ayuba ba a nuna masa ba. Sa'an nan a 42:7 Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kan abokan, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Masu kare Allah aka tsawata wa. Mai kukan nan da ya yi ta jefa tambaya shi aka kira bawa, shi aka ce ya yi musu addu'a.

Abin da Ayuba ya samu shi ne Allah da kansa ya zo. Ayuba ya ce dā da kunne yake jin labarinsa, yanzu idonsa ya gan shi. Ki kuma lura, ko da aka ninka masa dukiya aka ba shi waɗansu 'ya'ya 10, na farkon nan 10 suna kabari. Littafin bai yi kamar sabon ya goge tsohon ba.

Don haka shawarata ta farko: kada ki jingine rayuwarki sai ranar da kika gano dalili. Mai yiwuwa ba za ki san shi ba a wannan duniya. Na ga mutane sun shekara da shekaru suna tona, ko don ban kai shi asibiti da wuri ba ne, ko don wani alkawari da na karya, ko wani ne ya sa hannu. Ba wanda na ga wannan tonon ya warkar. Almajirai ma sun yi irinsa a kan mutumin da aka haifa makaho, suka ce zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa? Yesu ya ce ba na kowa ba ne, ya kawar da hankalinsu daga neman mai laifi zuwa ga abin da Allah zai yi daga nan (Yahaya 9).

Kin ce bakinki ba ya buɗuwa a addu'a. Ina zargin abin da ya rufe shi shi ne kina ganin dole addu'a ta fito da ladabi da godiya, alhali abin da ke cikinki fushi ne da ɗaci. Zabura guda 150 ce, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku kuka ne da kai ƙara. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau 4 cikin ayoyi 2. Zabura 88 ta fi kowace nauyi: mai waƙar ya ce Allah ne ya jefa shi cikin rami, ya raba shi da masoyi da aboki, kuma ta ƙare a duhu ba tare da kalmar yabo ko ɗaya a ƙarshenta ba. Duk da haka an sa ta cikin littafin waƙoƙin sujada, an ba shugaban mawaƙa. A kan gicciye Yesu farkon Zabura 22 ya ɗauka ya yi kuka da shi, yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Wanda ya daina gaskatawa ba ya tsayawa yi wa Allah irin wannan magana, tafiyarsa kawai yake yi. Ki buɗe Zabura 88 ki karanta ta da murya, ko da hawaye, ko da haushi. In ita ma ta gagara, ki zauna shiru. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, Ruhu ne da kansa yake roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Addu'arki ba ta tsaya ba don bakinki ya tsaya.

Kuma kada kowa ya hana ki kuka da sunan bangaskiya. A kabarin Li'azaru Yesu ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci, amma ya ga Maryamu tana kuka, shi ma ya zub da hawaye. Bulus bai ce wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi irin na marasa bege.

Yanzu ga ainihin tambayarki, ko Allah yana kula da ke. I, yana kula. Amma bari in nuna miki yadda kulawar take zuwa, domin sau da yawa muna dubanta ta wata ƙofa, ita kuwa ta shigo ta wata.

Dubi Iliya a 1 Sarakuna 19. Jiya-jiyan nan ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko. Sarauniya Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, sai ga shi yana gudu har Biyer-sheba. Ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zube a gindin wani ɗan itace ya ce ya isa haka, Ubangiji ka ɗauki raina. Ya kwanta barci ya kwashe shi. Mala'ika ya zo ya taɓa shi. Bai yi masa wa'azi ba, bai tuna masa da wutar Karmel ba, bai ce annabi guda da irin wannan magana ba. Cewa ya yi tashi ka ci. Iliya ya duba, ga waina da aka toya a kan duwatsu masu zafi da tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta, aka kuma bar shi ya yi barcinsa. Mala'ikan ya sāke dawowa ya ce tashi ka ci, gama tafiyar ta fi ƙarfinka. Sai bayan kwana 40, a Horeb, Allah ya tambaye shi me yake yi a nan, ya bar shi ya zazzage cikinsa har sau 2 da kalmomi iri ɗaya. Iska ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu, sai wata 'yar murya a hankali. Daga nan ne ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha ya zama abokin tafiya, ya kuma gyara masa lissafi: kana cewa kai kaɗai ka rage, akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba.

Ki duba jerin: barci, abinci, kunnen da zai saurara, sa'an nan aiki da abokin tafiya. Allah ya fara da jikin mutumin. Ban ga dalilin da zai sa mu fi shi ruhaniya ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba zan yi miki kwana-kwana a kansa ba. Shekara guda ba barci, ba cin abinci, kina kuma tambayar me ya rage miki, wannan ya isa a ga likita. Likitoci kan fara zargin ciwon damuwa in baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka riƙe mutum kusan kullum na mako 2 ko fiye, tare da rikicewar barci da ci, da kasala, da ganin kai ba shi da amfani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai mutum miliyan 280 a duniya, kuma jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022 ya amince cewa makoki kan iya daɗewa ya yi tsanani har ya zama abin da ke bukatar kulawar ƙwararru. Akwai magani, akwai zama da masu ba da shawara da suka koyi aikin, kuma mutane suna samun sauƙi. In kuwa tunanin kashe kanki ya taɓa zo miki, ko sau ɗaya ne, ki gaya wa wani da kika yarda da shi yau ɗin nan, ku tafi asibiti tare, kada ki kwana ke kaɗai da shi.

Ganin likita ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara da Ayyukan Manzanni likita ne, Bulus ya kira shi ƙaunataccen likita. Charles Spurgeon, mai wa'azin nan na Landan, yana ɗan shekara 22 a watan Oktoba na 1856 yana wa'azi ga dubban mutane sai wasu suka yi ihun gobara ta ƙarya, aka yi turmutsutsu, mutum 7 suka mutu. Abin ya karya shi har ya kasa wa'azi na wani lokaci, kuma baƙin ciki mai nauyi ya riƙa dawo masa har rasuwarsa a 1892. Bai ɓoye ba, ya riƙa gaya wa ɗalibansa masu shirin zama fastoci cewa su sa ran irin wannan lokaci, kada su ɗauka Allah ya yashe su.

Yesu ya kwatanta kulawar Uba da 'yan tsuntsayen da ake sayarwa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mutane na son ayar, amma ba sa karanta ta da kyau. Bai ce tsuntsun ba zai fāɗi ba. Ya ce ko ɗaya ba zai fāɗi ƙasa ba tare da sanin Ubanku ba (Matiyu 10:29). Mijinki bai mutu a bayan idon Allah ba, daren da kike kwana ido biyu ma ba a bayan idonsa kike yi ba. Hujja mafi ƙarfi da Kirista yake da ita a kan wannan ita ce gicciye. Allahn da muke bauta wa ya san yadda mutuwa take daga ciki, ya kuma fito daga kabari. Ko bayan tashinsa tabon ƙusoshi yana hannunsa, har ya nuna wa Toma. Shi ya sa ba na yi wa kowa alkawarin cewa waraka tana nufin mantuwa. Za ki riƙa tuna mijinki har ƙarshen ranki. Abin da ke canzawa shi ne ciwon yana daina hana ki numfashi.

Saura batun abin da za ki rayu dominsa. Akwai ayar da ake yawan rubutawa a katin gaisuwa, Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominsu, na alheri ne, zai ba su bege. Ga wa aka rubuta ta? Ga waɗanda Nebukadnezzar ya kwashe daga Urushalima zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. Wani annabi mai suna Hananiya yana ta yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara 2 komai zai dawo yadda yake. Irmiya ya aika musu da wasiƙa ya ce shekara 70 ce. Wato yawancin waɗanda suka ji an karanta wasiƙar a can za a binne su. Me kuwa Allah ya ce su yi kafin nan? Su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a. Ba ƙasar da suka zaɓa ba ce, amma a cikinta aka ba su aikin yi. Ke ma rayuwar da kike ciki yanzu ba ke kika zaɓe ta ba. Manufar rayuwa a irin wannan hali ba ta cika zuwa da wahayi ba. Takan fara ne da abin da ke gabanki: yaron da ke jiran ki, aikin hannunki, mara lafiyar da ba mai leƙa shi, wanda ke kuwa yanzu kin san abin da jinya take nufi fiye da yawancin masu zuwa gaisuwa.

Ma'anar abin da ya faru kuwa, in za ta bayyana, daga baya take bayyana. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, sai bayan shekara 22 da rabuwa ya iya ce wa 'yan'uwansa Allah ne ya aiko shi gaba don ceton rayuka. Shi ya faɗa da bakinsa, bayan ya ga ƙarshen al'amarin. Da wani ya leƙa ramin da 'yan'uwansa suka jefa shi ya ce masa yi haƙuri, Allah yana da dalili, da rashin tausayi ne. Haka nake kallon Romawa 8:28. Ayar ba ta ce kowane abu alheri ne ba. Mutuwa abokiyar gāba ce, haka Bulus ya kira ta. Cewa ta yi Allah yana aiki cikin kowane abu don alherin masu ƙaunarsa, kuma aya ce da mutum yake riƙewa da kansa sa'ad da ya iya, ba wadda ake cusa masa ba.

Na'omi ta fi kusa da ke. Ta binne miji da 'ya'ya maza 2 a Mowab, ta dawo Baitalami tana cewa ta tafi a wadace, Ubangiji ya komo da ita hannu wofi, Maɗaukaki ya sa ta sha ɗaci. Ba wanda ya tsawata mata a littafin. Tana faɗin hannu wofi ɗin nan kuwa surukarta Rut tana tsaye kusa da ita, idonta ne bai kai kanta ba tukuna. Jaririn da aka sa mata a cinya a ƙarshe, Obida, shi ne kakan Dawuda, kuma ta zuriyarsa Almasihu ya zo. Na'omi ba ta san da wannan ba. Abin da ta sani shi ne akwai surukar da ta ƙi rabuwa da ita, akwai abin da za a ci yau, akwai yaron da za a rena. Ki duba kusa da ke da kyau, da wuya a ce babu wata Rut a wurin.

Wata rana, ba yanzu ba, za ki ga 2 Korintiyawa 1:4 ta cika a kanki, inda aka ce Allah yana ta'azantar da mu domin mu iya ta'azantar da waɗansu da ta'aziyyar da muka samu. A ikilisiyoyin da na yi hidima, waɗanda suka fi iya zama da sabuwar gwauruwa su ne waɗanda suka riga ta shiga. Ba sa yawan magana, sun san lokacin da za a kawo ruwa da lokacin da za a yi shiru. Amma kada ki yi gaggawar zama mai ta'azantar da wasu don ki guje wa naki makokin, na ga masu yin haka suna zubewa daga baya.

Game da zuwa sujada, in waƙoƙin suna yi miki nauyi, ki zauna a baya, ki fita in kin ji ba za ki iya ba, ki dawo mako na gaba. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana waɗanda za ki iya gaya wa gaskiya in sun tambaye ki ya jiki, sauran kuwa "da godiya" ta ishe su. Matar da ta yi miki maganar nan ba dole ki yi muhawara da ita ba, ba dole kuma ki tilasta wa kanki jin kin yafe mata a yau ba. Ki gaya wa Ubangiji kina so ki yafe, ki bar sauran ya zo a hankali. In ta sāke, ki ce mata maganar tana yi miki ciwo, ki roƙi fastonku ya zauna da ita, domin gobe wata za ta gaya wa. Likita kuwa ki gan shi a cikin makon nan, ki kuma nemi wanda zai raka ki.